Inda Muka Tsaya Jiya

A Unguwar Hajji kowa ya san Munawwara 'yar Malam Nasidi aikin kwamfuta take yi, amma ka tambayi wane iri, sai kowa ya ba ka tasa amsar. Wani ya ce sakamakon jarrabawa take ciro wa yara, wata ta ce waya take gyarawa. Ita dai ta gaji da bayani. In tsohuwa ta kawo mata wayar da ta faɗa randa, sai ta karɓa hannu biyu ta jujjuya, ta ce a kai wa masu gyara a bakin kasuwar Karaye, a rabu ana sa wa juna albarka.

Ainihin aikin nata kuwa, ita da wasu mutane ne da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, kowa yana ƙasarsa, suke gina wata manhaja da ita take kira Gada. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma abin da aka rubuta don wata babbar ba ya aiki a kan wata. Gada ita ce tafinta a tsakani. Tsohuwar manhaja ta nemi abu da yarenta, Gada ta juya wa sabuwar kwamfuta, ta karɓo amsa ta miƙa mata. A ɗakinta na gidan miji a cikin garin Karaye take wannan aikin, ga farantin sola a kan rufi, ga 'yar fanka, ga kwanon soyayyar gyaɗa a gefen hannu. Tana son aikin nan ƙwarai, har mijinta kan ce in tana bugun madannai ko sallama ba ta ji.

Rabonta a cikin aikin ɗan ƙarami ne a ido. Manhaja in ayyuka suka yi mata yawa a lokaci guda, takan raba kanta gida-gida, kowane yanki ya kama nasa. Masu wannan harka, zare suke ce wa kowane yankin. Akwai abin da zarurrukan duka suke tarayya a kansa, akwai kuma ɗan abin da kowanne yake ajiyewa shi kaɗai, a aljihun da ba mai sa masa hannu. To, ɗinka wa kowane zare aljihunsa, shi ne aikin Munawwara. Ta yi, abokan aiki sun gwada sun yaba, ita ma ta ji daɗin kanta.

Wanda ya fara cin moriyar abin a duk faɗin Karaye da Rogo mahaifinta ne. Malam Nasidi malamin zaure ne tun kafin a haife ta. Da idonsa ya fara rauni, sai aka samo masa wata tsohuwar manhaja mai ɗauke da littattafan da yake karantarwa, tana ƙara wa baƙaƙe girma har kowanne ya kai ɗan yatsa. Shekara da shekaru yana amfani da ita, sai ana gab da girbin gero kwamfutar ta mutu murus. Sabuwar da aka sayo kuma ta ƙi karɓar tsohuwar manhajar. Munawwara ta zo da Gada ta ɗora, ta buɗe littafi ɗaya a gabansa, baƙaƙe suka fito manya-manya kamar da. Malam ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe dai aiki kike yi, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba. Da murna ta koma gida ranar.

Bayan 'yan makonni ta zo gaishe su da yamma, ta tarar da mahaifiyarta, Inna Laure, tana ɓarar gyaɗa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Suka gaisa, aka tambayi mai gida da aiki da gajiya. Inna ba ta ɗago kai ba ta ce, "Babanku zai ajiye karatu."

"Wane karatun, Inna?"

"Zauren mana. Ranar Juma'a zai tara ɗalibai ya miƙa wa babban ɗalibinsa Abdulmutalib. Ya ce kansa ya fara tafiya irin na Yaya Ilu."

Baba Ilu wan mahaifinta ne, yana zaune a Gwangwan ta ƙasar Rogo. Mutum ne da a da in ya buɗe baki a wajen rabon gado kowa sai ya yi shiru, amma gigin tsufa ya kama shi, yanzu sai ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Zuwan da Malam ya yi na ƙarshe, Baba Ilu ya riƙe masa hannu da fara'a ya ce, "Bawan Allah, daga wane gari?" Tun daga ranar Malam bai sake hawa babur ya nufi Gwangwan ba. Saƙo yake aikawa, da goro, da sabulu.

"Me ya gani?" in ji Munawwara.

"Ya ce zai kwana da sanin inda ya tsaya da ɗalibi, sarai a kansa. Gari ya waye ya duba na'ura, ta nuna masa wani wuri daban. Ya tambayi ɗalibin, shi ma ya ce inda na'ura ta nuna nan ne. To mutum biyu da na'ura, ai ka san da wanda ya ruɗe." Inna ta watsa ɓawon gyaɗa a kwando. "Abinci ma bai cika ci ba. Kuma ya hana in gaya miki, kin ji dai ban gaya miki ba."

Munawwara ba ta koma gida ba ranar, ta buga wa mijinta waya ta kwana. Da safe ta ɗauki kujerar tsugunno ta zauna a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida. Wurin ba baƙonta ba ne. A nan ta tsinci rabin abin da ta sani tun tana yarinya, tana tsince shinkafa kunnenta na zaure.

Wanda bai san karatun zaure ba zai ɗauka aji ne, malami ya yi darasi ɗaya kowa ya saurara. Ba haka ba ne. Kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, wannan na fiƙihu, wancan na nahawu, wani na hadisi, kuma kowa da inda ya tsaya. Ɗaya ya matso ya karanta, Malam ya fassara ya yi bayani, ya ja da baya wani ya matso. Ɗaliban kuma ba yara ba ne, magidanta ne, wasu da furfura. A da Malam kan baje littattafan duka a kan buzu tun kafin kowa ya zo. Da aka koma na'ura bai canza hali ba, sai ya buɗe su duka a lokaci guda, kowanne a tagarsa, ya jera su a allo yadda masu su suke jere a tabarma.

Wanda ya fara matsowa Badaruddeen ne, manomin gyaɗa mai yawan kunya, wanda in yana gaban Malam ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba ya korewa. Munawwara ta ji mahaifinta ya karanto kan babi daga allo, babin abubuwan da ke warware alwala. Sai ya kira shi.

"Badaruddeen."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Ni kam ba mun wuce nan ba? Ina ganin kamar har mun shiga zakkar amfanin gona."

Munawwara tana jin ƙarar takarda ana juyawa.

"Yadda Malam ya karanto, haka ne."

"Ka tabbata?"

"Haka ne, Allah gafarta Malam."

"To," in ji Malam, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, ƙasa-ƙasa. "Bismillah, karanta."

Haka aka yi ta yi. Wani a maimaita masa na jiya, wani a tsallake masa shafi, kowa ya ce haka ne. Sai da aka zo kan Abdulmutalib, babban ɗalibi, wanda kullum shi ne na ƙarshe. Shi kaɗai ne a zauren nan yake iya ce wa Malam a sake dubawa, kuma shi nasa ya fito daidai, ba ragi ba ƙari. Bai daɗe da fara wani babban littafi ba, yana nan a shafukan farko-farko.

Da aka watse Malam ya shigo ciki, ta gaishe shi, ta ce tana so ta duba kwamfutar ko tana buƙatar wani gyara. Ya ce ta ɗauka. Ta kai ta ƙarƙashin darbejiya ta kunna, ta buɗe littafin Badaruddeen, ta dubi lambar shafi, wadda take 'yar mitsitsiya a kusurwa inda idon Malam ba ya kaiwa. Ta buɗe na biyu. Lamba ɗaya. Ta buɗe na uku, na huɗu, har na Abdulmutalib. Littattafai daban-daban, duk a shafi ɗaya suka buɗe, shafin da mai karatun ƙarshe ya tsaya.

Ta dafe kai. Ba ta buƙatar kowa ya gaya mata. Tsohuwar manhajar kowace taga zarenta daban take ba ta, kuma a aljihun zaren take ajiye shafin da aka tsaya. Hanya biyu ce ake bi a buɗe sabon zare, akwai wadda kowa ke bi yanzu, akwai wata tsohuwa da aka daina yayi. Munawwara ta ɗinka aljihu ga masu shigowa ta sabuwar hanya. Masu bin tsohuwar kuwa sai su tashi da hannunsu a cikin aljihun zaren farko, kowa ya ajiye nasa a kan na wani, wanda ya ajiye a ƙarshe nasa ne zai kwana. Manhajar Malam, da yake tsohuwa ce, tsohuwar hanyar take bi. Abokan aikinta ba su gani ba, don littafi ɗaya suke buɗewa su rufe. Ita ma da ta tashi a bayan ƙyauren nan, littafi ɗaya ta buɗe ta gwada. Kunya ta kama ta, sai kuma wani farin ciki ya taso ya danne kunyar, don in laifin nata ne, to kan mahaifinta lafiya lau yake.

Ta same shi a ɗakinsa yana jan carbi. Ta durƙusa ta ajiye kwamfutar a gabansa.

"Baba, ba kai ka manta ba. Na'urar ce take rikita wuraren, kuma ni na jawo."

Ya dube ta, ya dubi ƙofa inda Inna ta yi kamar shara take yi. "Wato an gaya miki."

"Baba, ka ga gandu da gayauna? Gandu na kowa ne, gayauna kuwa kowa da tasa da rumbunsa. To ni na raba musu gayauna, amma na bar su da rumbu ɗaya. Kowa ya kawo nasa ya zuba a kan na ɗan'uwansa. Da safe in aka buɗe, na wanda ya zuba a ƙarshe ake tararwa a sama, shi ake ɗebar wa kowa."

Malam ya yi murmushin da bai kai zuci ba. "Uwata, lallashina kike so ki yi. Haka muka riƙa yi wa Yaya da farko, mu ce ai kowa ma yana mantuwa."

Ba ta yi musu ba. Ta ƙara wa lambar shafin girma har ta cika rabin allo, ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Ya matso da fuskarsa, ya duba, ya sake dubawa. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"To su kuma ɗaliban? Na tambaye su ɗaya-ɗaya."

"Baba, tunda kake da Badaruddeen, yaushe ka taɓa jin ya ce maka a'a?"

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Ko cewa ka yi yau Sallah, gida zai koma ya sa sabuwar riga."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta gama kwanciya ba, kuma maganar Juma'a tana nan tukuna.

Gyaran bai ci mata wuni ba. Tana zaune kusa da Inna, ita tana ɓarar gyaɗa, ita kuma tana bin tsohuwar hanyar nan layi-layi, har ta kai inda ya kamata a tsayar da sabon zare a miƙa masa aljihunsa tun kafin ya taɓa komai. Ta gyara, ta ƙara da cewa in zare ya gama aiki a zazzage aljihun kafin a ba wani. Ta buɗe littattafai fiye da na zauren, ta hargitsa shafukansu, ta rufe ta sake buɗewa, kowanne ya tsaya inda aka bar shi. Ta aika wa abokan aiki. Kafin la'asar ɗayansu ya amso da godiya, yana tambayar wane irin mai karatu ne wannan da yake buɗe littattafai rututu a lokaci guda. Ta fara rubuta masa bayanin karatun zaure, ta ga abin zai yi tsawo, ta ce masa kawai mahaifinta ne.

Saura abu ɗaya, wanda ba gyaran da zai dawo da shi. Wuraren da ɗalibai suka tsaya na gaskiya, kafin rikicin, sun shafe daga na'urar tuntuni. Ta gaya wa Malam haka bayan magariba.

"Yanzu ba ta san wurin kowa ba, Baba. In ba a kanka ba, ba inda suke. Kai za ka gaya mata."

Ta san abin da yake tsoro, ita ma shi take tsoro. In ya laluba a gaban ɗalibansa ya ji wayam, to ba sauran na'urar da za a ɗora wa.

Washegari ta koma kujerarta a bayan ƙyaure, Inna ma ta zo ta tsaya da ludayi a hannu. Suka ji Malam ya ce kowa ya rufe littafinsa, ya kuma kife kwamfutar.

"Badaruddeen, ranar da tsohuwar na'ura ta mutu, muna babin zakkar amfanin gona. Mun gama abin da ruwan sama ya shayar, za mu shiga wanda aka yi wa ban ruwa. Har ka tambaye ni hukuncin gonarka ta fadama, na ce ka bari sai gobe. Kada ka ce min haka ne. Buɗe ka duba, in ba haka ba ne ka faɗa, na yafe maka."

Takarda ta yi ƙara. Sai muryar Badaruddeen. "Allah gafarta Malam, ga tsinken da na sa ranar, yana wurin. Ban cire shi ba."

"To don me da na mayar da kai babin alwala ba ka yi magana ba?"

"Na ɗauka Malam ya ga alwalar tawa ce da gyara. Har na je gida na sa iyali duka muka sake koyo."

Wani ya tuntsire da dariya ya maza ya toshe baki. Malam ya wuce kan na biyu, ya faɗi babinsa da misalin da ya ba shi ranar. Ya wuce na uku, ya tuna masa har baitin da ya kasa kawowa. Ɗaya bayan ɗaya yana faɗa suna buɗewa, wannan ya nuna ninkin da ya yi wa shafi, wancan ya nuna ɗigon tawada. Muryarsa tana ƙara ƙarfi, tana komawa irin wadda Munawwara ta tashi da ita a kunne. Bai kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan Abdulmutalib sai ya ce, "Kai kuma duk kai ka ja su baya, ba ka sani ba. Maganar Juma'a da na fara yi maka, a bar ta tukuna."

"Alhamdu lillahi," in ji Abdulmutalib. "Dama ni tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Malam ya gyara murya. "Ku saurara da kyau. Ladabi daban, gaskiya daban. Kun kusa sa ni in ajiye karatu saboda kunyarku. Daga yau duk wanda na yi kuskure ya ce min haka ne, ya cuce ni. Kun ji ko?"

Zauren ya amsa baki ɗaya, "Haka ne, Allah gafarta Malam."

Sai Malam Nasidi ya fashe da dariya, irin wadda take sa shi tari, ɗalibai suka bi shi. A bayan ƙyaure Inna tana dariya tana share ido da gefen zani, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Munawwara ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba a kan wani aiki da ta yi.

Da aka tashi ya shigo da kwamfutar a hammata, ya ce a kawo masa kunun da ya bari da safe, a haɗo da ƙosai in akwai saura. Ya zauna a tabarmar Inna ya shanye tas. Munawwara tana haɗa jakarta za ta koma gida, ya kira ta.

"Uwata, ki nemi izinin mai gidanki, jibi ki raka ni Gwangwan."

Ta tsaya da jakar a hannu.

"Na daɗe ban je na ga Yaya ba," in ji shi, yana kallon cikin kwanon. "Tsoro nake ji in dube shi in ga kaina. In ya tambaye ni daga wane gari, sai in gaya masa. Ni ai na san shi."